Kalmar "Sow" ta Turanci

In ka tambayi ɗan makaranta ma'anar "sow", nan da nan zai ce maka shuka. Bai yi ƙarya ba, amma da saura. Mu Hausawa gero shuka shi mu ke yi, rogo ma haka, har itacen mangwaro. Bature kuwa ya rarrabe. Ƙwayar iri kaɗai a ke "sow", watau irin su gero, dawa, shinkafa da acca. Doya da rogo da itatuwa, da duk abin da a ke dasawa, sai "plant". Ba laifi a ce "plant maize", amma yaron da ya rubuta "sow cassava" zai ga jan alƙalami a littafinsa.

A lura da faɗarta. Ƙarshenta kamar na "go" ne. Akwai wata mai rubutu iri ɗaya, wadda a ke faɗa kamar "cow", ita kuwa ma'anarta macen alade. Malami ya kiyaye da wannan in yana karanta wa aji. "Sew", watau ɗinki, faɗarsu ɗaya da ta shuka, rubutu ne ya raba su. In aikin ya wuce a ce "sowed", bayan "have" kuma "sown".

To, inda kalmar ta fi daɗi shi ne in ta bar gona. Bature ya kan ce "sow doubt", ko "sow discord". Nufinsa mutum ya jefa 'yar magana a zukatan jama'a, ya yi tafiyarsa, shakka ko gaba ta yi ta tsiro a bayansa. Galibi mugun abu ne, ko da ya ke ana cewa "sow the seeds of peace". Dole dai a sami jinkiri tsakanin aikin da sakamakonsa. Nan ne mu ke tuntuɓe, don mu in mun ce wane ya shuka ƙarya, ko ya shuka tsiya, abin ya auku ke nan a take. Kada a juya wannan da "sow". Maƙaryaci a Turanci "tell" ya ke yi.

Tun ƙarni na 16 Ingilishi ke cewa saurayi yana "sowing his wild oats". "Wild oats" ciyawa ce mai kama da hatsinsu, kamar yadda shibra ta ke cikin gero. Wa zai ɓata damina yana shuka shibra? Sai saurayin da ke sheƙe ayarsa kafin ya yi aure.

Har wa yau, yafa iri da hannu, yadda a ke yi wa acca, sunansa "broadcast". Da rediyo ya zo aka ari kalmar don watsa labari, ta shiga sunan BBC da aka kafa a 1922. Yanzu da yawa ba su san daga gona ta fito ba.