Darasi na 12: Abincin 'Yan Dambe da 'Yan Kokawa

Hausawa suna cewa, "Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya." Ma'anar wannan karin magana ita ce, mai jin yunwa ba ya iya aikin ƙarfi. Idan kana wasan dambe, ko kokawa, ko judo, ko takwando a makarantarku, to wannan darasi naka ne.

Dambe da kokawa tsofaffin wasannin Hausawa ne. Mahauta ne suka fi shahara da dambe, kuma an fi yin sa da kaka, lokacin da abinci ya wadata. A yau matasanmu suna yin wasannin ƙetare ma. A shekarar 2008, Chika Chukwumerije ya ci wa Nijeriya lambar tagulla a wasan takwando, a gasar Olamfik ta birnin Beijin. Irin wannan nasara tana buƙatar horo da abinci mai kyau.

Jikinka yana buƙatar abinci iri uku. Na farko shi ne mai ba da ƙarfi, kamar tuwo, shinkafa, doya, dankali da fura. Shi ne makamashin jiki. Idan ya yi ƙaranci, za ka gaji tun a turmin farko.

Na biyu shi ne mai gina jiki, kamar nama, kifi, ƙwai, wake, gyaɗa, nono da awara. Horo mai tsanani yana gajiyar da tsoka, wannan abinci kuwa shi ke gyara ta. Masana sun ce ɗan wasa yana buƙatar giram 1.2 zuwa 2 na sinadarin furotin a kan kowane kilo na nauyinsa kullum. Wato mai nauyin kilo 60 yana buƙatar giram 72 zuwa 120. Ƙwai ɗaya yana da kimanin giram 6 kawai, saboda haka sai ka haɗa da wake ko kifi. Ba dole ne ka kashe kuɗi da yawa ba. Shinkafa da wake, ko ƙosai da kunun gyaɗa, abinci ne mai araha kuma mai amfani.

Na uku shi ne mai kare jiki daga cuta, kamar zogale, alayyafo, lemo, gwanda da mangwaro. Ganyaye da hanta suna taimakawa wajen ƙarin jini, musamman ga 'yan mata.

Lokacin cin abinci ma yana da muhimmanci. Ka ci babban abinci kamar sa'a 3 kafin horo, domin ya narke. Kada ka cika ciki da abinci mai maiƙo dab da shiga fili. Bayan horo, ka ci abinci cikin sa'a 1 ko 2. Ka sha ruwa kafin wasa, da lokacin wasa, da bayansa. Idan fitsarinka ya yi duhu, alama ce jikinka yana neman ruwa.

Akwai haɗari guda biyu da ya kamata ka guje wa. A judo da takwando ana raba 'yan wasa bisa nauyinsu. Don haka wasu sukan ƙi cin abinci da shan ruwa kafin awo, domin su shiga rukunin marasa nauyi. Wannan yana kawo jiri da kasala, yana kuma iya lahanta ƙoda. Haɗari na biyu shi ne shan ƙwayoyi irin su tiramadol don neman ƙarfi. Ƙwaya tana ɓoye ciwo ne kawai, sannan ta jefa mutum cikin jaraba. Tun daga shekarar 2024 aka haramta tiramadol a lokacin gasa. Ka tuna, rigakafi ya fi magani.

Sababbin Kalmomi
Mahauci: mai sana'ar yanka da sayar da nama.
Kaka: lokacin girbin amfanin gona.
Turmi: zagaye ɗaya na dambe.
Maiƙo: mai ko kitse a cikin abinci.

Tambayoyi
1. Kawo abinci iri uku da jiki yake buƙata, tare da misali biyu-biyu.
2. Giram nawa na furotin mai nauyin kilo 50 yake buƙata kullum?
3. Me ya sa ƙin shan ruwa kafin awo yake da haɗari?

Aiki
Rubuta jerin abincin da ɗan wasa zai ci da safe, da rana, da dare, daga abincin garinku.