Ruwa Ba Ya Tsami Banza: Nazarin Ruwan Kwata Don Gano Cuta a Cikin Al'umma

Gabatarwa

Masu iya magana sun ce ruwa ba ya tsami banza. Duk wanda ya bi ta gefen Jakara a birnin Kano, abin da ya fi damunsa shi ne ya toshe hanci ya yi gaba. Amma ga masana kiwon lafiya, wannan baƙin ruwa tamkar littafi ne da ke ɗauke da labarin lafiyar dubban mutane. Manufar wannan ɗan taƙaitaccen nazari ita ce a nuna yadda ake karanta littafin, tare da ɗaukar misali daga cutar shan-inna.

Dalilin Duba Kwata

Asibiti ba ya sanin kowa sai wanda ya je gare shi. To, ita kuwa shan-inna ɓoyayyiyar cuta ce. A cikin mutum 200 da ƙwayarta ta shiga jikinsu, kimanin ɗaya ne kawai take shanye wa ƙafa ko hannu. Mafi yawan sauran ba sa ko nuna alamar ciwo, alhali kuwa ƙwayar tana hayayyafa a hanjinsu, tana fita cikin bayan gidansu har tsawon makonni. Ke nan duk ranar da aka kai wa likita yaro guda da ƙafarsa ta shanye, cutar ta riga ta zaga gidaje masu yawa. Kwata ce kaɗai ke tattara abin da ya fito daga mai ciwo da mai lafiya, da wanda ya je asibiti da wanda bai taɓa zuwa ba.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Tun a shekarar 1939 wasu masana na Jami'ar Yale ta Amurka, John Paul da James Trask, suka gano ƙwayar shan-inna a cikin ruwan najasar birni.

Yadda Ake Aikin

Da farko akan zaɓi magudanar da aka san unguwannin da ke zuba ruwa a cikinta. Sai ma'aikaci ya zo da safe, lokacin da jama'a suka fi kewayawa, ya ɗebi kamar lita guda daga tsakiyar ruwa mai gudana. Akan rufe kwalbar, a sa ta cikin akwatin ƙanƙara don kada zafi ya kashe ƙwayar. A ɗakin bincike sai a tace ruwan, a tattara ƙwayoyin da ke cikinsa wuri guda, a zuba su a kan ƙwayoyin halitta da aka raina a kwalba, a ga ko za su hayayyafa. Idan sun hayayyafa, sai a binciki tsarin gadonsu, wanda shi ke nuna irin ƙwayar da kuma zuriyar da ta fito.

A Nijeriya an fara wannan aiki a Kano cikin shekarar 1911 da ɗari, wato 2011, da taimakon Hukumar Lafiya ta Duniya, ana kai ruwan ɗakin bincike na Jami'ar Ibadan. Daga baya aka faɗaɗa shi zuwa Sakkwato da wasu jihohi.

Amfaninsa

Amfani na farko shi ne gargaɗi tun da wuri. A shekarar 2013 an gano ƙwayar shan-inna ta asali a ruwan najasar kudancin Isra'ila, aka yi wa yara ɗigon rigakafi, har ƙwayar ta ɓace ba tare da ta shanye ko yaro guda ba. Haka kuma a 2022 an gano wani nau'inta a matatar najasa ta Beckton a birnin Landan, aka kira yara 'yan shekara 1 zuwa 9 don ƙarin allura.

Na biyu shi ne shaida. Idan aka daɗe ana ɗiba ba a ga komai ba, hankali ya fi kwanciya cewa cutar ta kau. Irin wannan shaida tana cikin abin da aka duba kafin a bayyana, ran 25 ga Agusta 2020, cewa yankin Afirka ya rabu da shan-inna ta asali. Sai dai akwai wani nau'i da ke samuwa daga raunanniyar ƙwayar ɗigon rigakafi, idan ta daɗe tana yawo tsakanin yaran da ba a yi wa rigakafi ba har ƙarfinta ya dawo. Saboda shi ne ba a daina ɗibar ruwa ba.

Iyakarsa

Kwata ba ta faɗin sunan kowa. Unguwa take nunawa, ba gida ba. Sa'an nan ba ta jin labarin gidan da najasarsa ke tsayawa a masai, ko ƙauyen da ba shi da magudana. Alal misali, shan-inna ta asali da ta sake ɓulla a Barno a 2016 ta jikin yaran da ta shanye aka gane ta, domin rikici ya hana ma'aikata isa yankunansu.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za mu fahimci cewa kwata 'yar rahoto ce, ba mai magani ba. Idan ta ba da labari aka yi shiru, wahalar ɗiba ta tashi a banza. Aikin hukuma ne ta gaggauta kai rigakafi unguwar da aka nuna, aikin iyaye kuma su miƙa 'ya'yansu ko da suna ganinsu garau, domin mai yiwuwa lafiyayyen yaron ne ke ɗauke da abin da zai gurgunta ɗan maƙwabci. Allah ya kare mana zuriya, amin.