Darasin Kimiyya: Riga-kafin HPV da Shawarar Iyaye

Manufa: A ƙarshen darasi, ɗalibi ya iya bayyana aikin wannan allura, da dalilan da ke sa iyaye su yarda ko su ƙi a yi wa 'ya'yansu mata.

Mataki na 1: Ƙwayar cutar

Ɗalibai, HPV ƙwayar cuta ce mai iri fiye da 100, wasunsu na yaɗuwa ta hanyar saduwa. Galibi garkuwar jiki kan kawar da ita cikin shekara biyu. In kuwa ta samu wurin zama, sai ta riƙa ɓata ƙwayoyin halittar bakin mahaifa sannu a hankali, bayan shekara 15 zuwa 20 abin ya zama sankara. Bajamushe Harald zur Hausen ne ya gano wannan alaƙa, aka ba shi kyautar Nobel a 2008. Iri biyu kaɗai, na 16 da na 18, su ke jawo kusan kashi 70 cikin 100 na sankarar bakin mahaifa, cutar da ta kashe mata kusan 350,000 a duniya a 2022.

Mataki na 2: Allurar

An fara amfani da ita a 2006. Babu ƙwayar cuta mai rai a cikinta, kwaikwayon ɓawonta ne kawai, don jiki ya gane abokin gaba tun bai zo ba. Ba ta warkar da wadda ta riga ta kamu, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta fi ba da ƙarfi a kan 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14. Tun 2022 hukumar ta amince allura ɗaya ta wadatar.

Mataki na 3: Me ke juya zuciyar iyaye?

Yarinya ba ta kai kanta. Uba ke ba da izini, uwa da kaka kuma su sa baki. Ga abubuwa huɗu da suke dubawa.

Na farko, tarihi. A Kano, gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ya bar tabo. A 2003 jihar ta dakatar da riga-kafin shan-inna saboda zargin yana hana haihuwa, sai a 2004 aka dawo da shi, da maganin da aka samo daga Indonesiya. Da Nijeriya ta fara allurar HPV a watan Oktoban 2023, Kano na rukunin farko, tsohon zargin nan na jiran ta, tunda wannan karon 'yan mata kaɗai ake nema. Bincike kuwa bai nuna tana taɓa haihuwa ba.

Na biyu, kunya. Wani uba zai ce, "'Yata kamila ce, me za ta yi da ita?" Amsa ita ce, mace na iya ɗaukar ƙwayar a ɗakin aurenta, daga mijin da shi ma bai san yana da ita ba.

Na uku, bakin wanda ya kawo maganar. Abin da liman, mai unguwa ko ungozoma suka faɗa ya fi sanarwar rediyo shiga kunne. Shirun hukuma ma yana da tasiri: da gwamnatin Jafan ta daina kiran iyaye a 2013, masu karɓa suka faɗo daga wajen kashi 70 zuwa ƙasa da kashi 1.

Na huɗu, sauƙi. Ruwanda ta kai allurar makarantu kyauta a 2011, fiye da kashi 90 na 'yan matan da aka nufa suka samu.

Taƙaitawa

Sanin amfanin allura kaɗai bai isa ba, sai iyaye sun amince da hannun da ya miƙo ta. Mu a nan Gadarif muna da wurin gwada wannan: a watan Nuwamban 2024 Sudan ta fara riga-kafin zazzaɓin cizon sauro daga jiharmu da ta Bulu Nayil.

Aikin gida

1. Me ya sa ake yin allurar tun yarinya na ƙarama?
2. Ku tambayi iyaye mata uku a unguwarku: maganar wa suka fi saurara kafin su kai yaro riga-kafi? Ku rubuto amsoshin ba tare da sunayensu ba.