Darasi Na 14: Tsohuwar Riga Da Littafinta

Jama'a, karatunmu na yau a kan gidan tarihi ne, da littattafan da a kan buga saboda tufafin da ke cikinsa.

Gidan tarihi wuri ne da a ke adana kayan mutanen dā, don na baya su gani. An buɗe na Jos a 1952, na Ikko a 1957. A jiharmu ta Kebbi akwai gidan tarihi na Kanta a Argungu. A Kano kuwa akwai Gidan Makama.

Wani lokaci a kan zaɓi waɗansu kaya a jera su a babban zaure, mutane su zo kallo. Wannan shi a ke kira nuni. Nuni ba ya daɗewa, bayan 'yan watanni sai a kwashe kayan. Saboda haka a kan buga masa littafi. A ciki za ka ga hotunan kayan, kowane abu da lambarsa, da sunansa, da garin da ya fito. Ko nuni ya watse, littafi yana nan.

A 1976 an yi nunin kayan Hausawa a London, babban birnin Ingila. Wani Bature, David Heathcote, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, shi ya rubuta littafinsa. Sunan littafin The Arts of the Hausa, watau sana'o'in hannu na Hausawa. A 1979 kuma babban gidan tarihin Ingila ya buga African Textiles na John Picton da John Mack, a kan saƙar ƙasashen Afirka.

To, me mu ke koya daga irin waɗannan littattafai? Muna koyon cewa babbar riga ba aikin mutum ɗaya ba ce. Manomi ya noma auduga. Mata su gurje ta, su shiɓe, su kaɗa zare da mazari. In saƙi a ke so, sai marini ya rina zaren da baba. Masaƙi ya saƙa ƙyalle siriri, faɗinsa bai wuce tafin hannu ba. Maɗinki ya harhaɗa ƙyallayen su zama riga. Malami ya zana ado da alƙalami da tawada a wuya da aljihu. Sa'an nan mai aikin allura ya bi zanen, wata da watanni. Daga ƙarshe mabugi ya buge ta har ta yi sheƙi.

Adon ma da sunansa: akwai aska biyu, akwai aska takwas. Zaren ado shi ma iri-iri ne. Tsamiya siliki ne da a ke samu daga gidan wata tsutsa ta jikin itace. Alharini kuwa jan siliki ne da fatake suka riƙa kawowa a dā daga Tarabulus ta hamada. Da Bature Barth ya zo Kano a 1851, ya rubuta cewa tufafin Kano suna kaiwa har Tumbutu da Tarabulus.

Amma ku lura da abu guda. Yawancin tsofaffin rigunan da ke gidajen tarihi, ba a san wanda ya saƙa su ko ya ɗinka su ba. Mai saye bai tambaya ba, mai sana'a bai rubuta ba. Ga aiki ana yabo, mai aiki ya ɓace. Bayan haka littattafan nan da Turanci su ke, kuma sun fi ba da labarin manyan birane, kamar Kano da Zariya da Bida.

To, a nan ne aikinmu ya ke. A Wasagu da Ribah da Bena da ƙauyukansu, akwai Hausawa da Lelna da Fulani, kowa da irin suturar kakanninsa. Akwai tsohon gwado a adaka, akwai walkin fata, akwai kayan da a ke fitowa da su ran Salla ko lokacin Uhola. Gara da asu da laima suna cin su. Dillalai suna saye da araha su tafi da su. A shekarun nan kuma rashin zaman lafiya ya raba mutane da yawa da gidajensu, kaya suka salwanta. Tsofaffin da suka san sunayensu kullum raguwa su ke yi.

Mu da muka fita daga duhun jahilci, ba sai mun jira baƙo ba. Kowa ya sami littafin rubutu da fensir, ya zauna gaban tsoho ko tsohuwar gidansu da ladabi, ya rubuta amsar waɗannan:

1. Mene ne sunan tufan nan da harshenmu?
2. Wa ya yi shi, kuma a wane gari?
3. Da me aka yi shi?
4. A zamanin wane sarki aka yi shi?
5. Wa ke sa shi, kuma a wane lokaci?

Mai waya ya ɗauki hotonsa, gaba da baya. Sa'an nan a shanya tufan a inuwa, ba a rana ba. A naɗe shi cikin farin ƙyalle mai tsabta, a ajiye shi bisa, nesa da ƙasa. Takardar kuwa a yi biyu, ɗaya tare da tufan, ɗaya wajen wani ɗan'uwa. Da tsohuwar zuma a ke magani.

Tambayoyi

1. Me ya sa a ke buga wa nuni littafi?
2. Faɗi masu sana'a biyar da ke sa hannu a babbar riga.
3. Daga ina aka riƙa kawo alharini a dā?

Aiki: mako mai zuwa kowa ya zo aji da labarin tufa ɗaya na gidansu, a rubuce da hannunsa. Za mu haɗa su su zama littafin ajinmu.