Lissafin Hawa da Saukar Sifirin

Cikin tambayoyin da a kan yi mana a kan motsin abubuwa akwai wata wadda ba safai ta kan ɓace daga takardar jarrabawa ba, watau ta sifirin da aka rataya wa nauyi. Ɗalibi ya kan haddace ƙa'idarta sarai kamar karatun allo, amma da an sauya lambobin sai ya rasa inda zai kama. Tun da ya ke mu ne za mu tsaya gaban yara gobe, lalle ne mu san dalilinta.

Ga irin tambayar. An rataye sifirin a ƙusa, aka ɗaura masa nauyin laba 2, ya miƙe inci 6, ya tsaya. Sa'an nan aka ƙara jawo nauyin ƙasa inci 2, aka saki. Sakan nawa zai yi kafin ya hau ya komo inda aka sake shi?

Tushen maganar duka shi ne abin da Robat Huk, wani masani na Ingila, ya bayyana cikin 1678, cewa miƙewar sifirin tana tafiya daidai da ƙarfin da ya ja shi. To, in laba 2 ta miƙar da shi inci 6, ashe kowane inci 3 a bakin laba guda ya ke. Sa'ad da nauyin ya ke tsaye, jan sifirin da jan ƙasa sun yi kunnen doki. Da muka ƙara inci 2, sai sifirin ya sami rinjaye da sulusi biyu na laba, watau sulusin nauyin duka. In inci 1 ne, rinjayen sudusi ne. In nauyin ya haura sama da matsayinsa, ƙasa ce ke rinjaya da wannan gwargwado. Ko yaushe ana jan sa zuwa tsakiya, iyakar nisansa iyakar ƙarfin jan.

A lura fa, sulusin nan ba kome ba ne sai 2 bisa 6, nisan da aka ja bisa miƙewar farko. Labar ta fita daga lissafi ke nan. Haka kuma dutsen da aka ɗaura a zare mai tsawon inci 6 ya ke, in an tura shi gefe kaɗan: ƙarfin da ke komo da shi nisansa ne bisa tsawon zaren. Saboda haka ƙa'idarsu guda ce, kuma wanda ya rataye su kusa da juna zai ga suna tafiya tare, wannan yana lilo wannan yana tsalle. A ganinmu babu gwajin da ya fi wannan shiga kan yara.

Ga aikin. Abin da aka saki daga bisa, saurinsa yana ƙaruwa da ƙafa 32 a sakan cikin kowane sakan. (Wanda littafinsa ke aiki da mita, sai ya sa 9.8.) Mu mai da inci 6 rabin ƙafa, mu raba da 32, ya zama 1/64. Mu nemi tushensa, watau lambar da in an buga ta da kanta za ta ba da 1/64, ita ce 1/8. Mu buga ta da 22/7 sau biyu, watau 44/7, sai mu sami 11/14 na sakan, kamar hawa da sauka 76 ke nan a minti. Wanda ya bar incin bai mai da shi ƙafa ba zai sami kusan sakan 2¾, ya kuwa faɗi tambayar ɗungum.

Ina inci 2 ɗin da aka ambata? Ba ruwansa da lokaci. In an ja da nisa, tafiyar ta ƙaru, amma ƙarfin ma ya ƙaru daidai da ita, lokacin bai motsa ba. Amfaninsa sai in an tambayi sauri: mu juya 1/8 ya zama 8, mu buga da 2, inci 16 ke nan a sakan, a daidai tsakiya, gama can ne ya fi gudu. Nauyi kuwa yana sauya lokaci, amma ta hanyar miƙewa. In an sa laba 8, ya miƙe ƙafa 2, tushen ya zama 1/4, lokacin 11/7. An ninka nauyi sau 4, lokaci ya ninku sau 2 tak.

Wanda zai gwada da agogo, ya ƙirga hawa da sauka 20 ya raba, kada ya dogara ga guda. Ƙirgar kuma daga sifiri ta ke farawa a sa'ad da aka saki, sai ya komo a ce ɗaya. Zai tarar lokacin ya ɗara na takarda kaɗan, domin sifirin kansa yana da nauyi, a kan ƙara sulusinsa a kan abin da aka rataya. Kada kuma a ja fiye da inci 6, don in nauyin ya hau, zobban za su haɗu, ƙa'idar ta daina aiki.

Ga wata a gwada kafin a shiga aji: sifirin biyu irin wannan, an ƙulla bakin ɗaya a wutsiyar ɗaya, aka rataya laba 2. A fara da tambayar inci nawa za su miƙe.