Za a iya haɗa RAM masu gudu daban-daban a kwamfuta ɗaya?

A waya, RAM ɗin da ka saya da shi da shi za ka rabu da ita, domin a manne yake. Kwamfutar tebur kuwa tana da gurabe biyu ko huɗu a jikin babban allonta, kana iya ƙara wata sandar RAM duk lokacin da aljihu ya yarda. A nan tambayar take tasowa: wadda ke ciki an rubuta mata 2400, wadda mai shago ya miƙo maka an rubuta 3200. Za su zauna tare?

Mafi yawan lokuta za su zauna, amma da sharaɗi. Dole su kasance 'yan gida ɗaya. DDR3 da DDR4 da DDR5 ba sa haɗuwa ko kaɗan. DDR3 na tebur tana da haƙora 240, DDR4 da DDR5 kowacce 288, amma 'yar tsagar da ke tsakanin haƙoran ba a wuri ɗaya take ba, don haka ba za ta shiga gurbin da ba nata ba. Idan ta ƙi shiga kada ka danna da ƙarfi. Wutar da suke ci ma ta bambanta: DDR3 bolt 1.5, DDR4 bolt 1.2, DDR5 bolt 1.1.

To, mu ɗauka duka biyun DDR4 ne. Kowace sanda tana ɗauke da wani ɗan mitsitsin guntu mai suna SPD, inda aka ajiye bayanin gudun da take iya yi. Da ka kunna kwamfuta, BIOS zai karanta na kowacce, ya zaɓi gudun da dukkansu za su iya ɗauka. Kamar shanun noma ne biyu a garma ɗaya, mai sauri ba shi da zaɓi sai ya bi takun mai nawa. Wato 2400 da 3200 duka za su yi aiki a 2400. Babu abin da zai ƙone. Asarar kawai ita ce ƙarin kuɗin da ka biya don saurin da ba za ka gani ba.

Akwai kuma wani shinge da mutane ke mantawa da shi, wato furosesa. Kwamfutar da nake rubuta manhajoji a kanta ta hannu ce, tana da Core i5-7500, wanda iyakarsa DDR4-2400. Ko da na cire tsohuwar sandar na zuba 3200 guda biyu, a 2400 ɗin za ta tsaya. Core i5-8400 yana kaiwa 2666. Saboda haka kafin ka fara ciniki, nemi sunan furosesarka a shafin Intel ko AMD ka ga iyakarsa. Da yawa daga kwamfutocin ofis na hannu da ke kasuwanninmu ba su san da zaman 3200 ba.

Yanzu ga lissafin da ya sa nake cewa kada tsoron raguwar gudu ya hana ka ƙari. Sanda ɗaya tana tura bayit 8 a kowane zuwa. Mai 3200 ita kaɗai za ta iya kai GB 25.6 a daƙiƙa, mai 2400 kuma GB 19.2. Amma idan sanduna biyu suka zauna a guraben da suka dace, furosesa zai yi magana da su a lokaci guda ta hanyoyi biyu, sai 2400 ɗin nan ta zama GB 38.4. Biyu masu nawa sun wuce ɗaya mai sauri ke nan. Wanda kwamfutarsa ba ta da katin hoto na daban, wanda ke aro daga RAM don nuna hoto, shi ya fi kowa jin wannan bambanci a wasanni.

Yawa ma ya fi gudu muhimmanci ga yawancinmu. Lokacin da nake da GB 8, da na buɗe Android Studio da Chrome tare sai RAM ya cika, Windows ta koma jibge kaya a faifan ajiya, komai ya riƙa jan ƙafa. Na ƙara GB 8 wadda gudunta bai yi daidai da ta ciki ba, matsalar ta kau a ranar.

Inda haɗarin yake shi ne abin da ba a rubuta da manyan baƙi ba. Ban da gudu, kowace sanda tana da lokacin jira da ake rubutawa CL, misali CL16 ko CL19, da wasu lambobin da ke biye da shi. BIOS kan ɗauki mafi sassauci a cikinsu, amma ba kullum yake dacewa ba, musamman idan guntayen da ke kan sandunan daga masana'antu daban suka fito. Wani lokaci kwamfutar ta ƙi tashi, fanka na juyawa allo baƙi ƙirin. Wannan da sauƙi, ka gani da idonka. Mai muni ita ce wadda za ta tashi lafiya, ta yi kwana uku, sannan ta fara kawo shuɗin allo, ko ta lalata fayil ba tare da ta gaya maka ba. Na taɓa kwana biyu ina neman kuskure a manhajar da nake rubutawa, ashe wata sanda ce da na karɓa ban gwada ba.

Haka kuma sandunan 'yan wasa masu sulke, waɗanda aka rubuta wa 3200 ko 3600, galibi sai an kunna XMP a BIOS suke kai wannan gudu, kuma sukan nemi bolt 1.35. Idan ka haɗa irinsu da sanda ta gama-gari, bar XMP a kashe.

Kafin ka je kasuwa, buɗe Task Manager, shiga Performance, ka danna Memory, za ka ga gudun da ake kai yanzu da yawan guraben da aka cike. Manhajar CPU-Z kyauta ce, tana nuna bayanin kowace sanda daki-daki. Ɗauki hoton takardar da ke manne a jikin sandarka da waya. PC4-2400T na nufin DDR4-2400, PC4-2666V 2666, PC4-3200AA 3200. Ka kula da harafin da ke biyo baya: U ta tebur ce, S ta laftof, R kuma ta manyan kwamfutocin saba ce, tana da araha a kasuwa amma ba za ta tashi a taka ba.

Wajen sakawa, zare wayar wuta tukuna, ka taɓa ƙarfen akwatin da hannu. Idan gurabe huɗu ne, yawanci na biyu da na huɗu daga wajen furosesa ake cikewa. Sannan ka sa MemTest86 a filasha, ka tashi kwamfutar da shi, ka bar shi ya kammala zagaye huɗu, zai ɗauki 'yan sa'o'i, don haka ka zaɓi lokacin da wuta ta zauna. Kuskure ko guda ɗaya ya fito, mayar da sandar. Shi ya sa tun wajen biya za ka yi magana da mai shago cewa idan ba ta zauna da taka ba zai canza maka.