Yawon Mota Zuwa Tiga

Idan cunkoson Gyadi-Gyadi ya ishe ka, fita da sassafe ranar Asabar ka kama titin Zariya. Da ka wuce Kura sai gonakin shinkafa na Kadawa, kore shar, ruwan madatsar Tiga da aka kammala a 1974 yana shayar da su.

Daɗin tuƙi yana bayan ka sauka daga babban titi. Sauke gilashi, ka sha iska. Amma taka a hankali a kwana, don bayanta akwai garken shanu, ko amalanke, ko shinkafar da aka shanya a gefen kwalta.

Kafin ka kama hanya, duba safaya da birki tun a Tarauni, ka cika tanki. Ka dawo gida kafin magariba.